Daga Doki zuwa Babur: Tarihin Kiwon Babur a Ƙasar Ƙonni



Wata rana da rani, a ajinmu na yaƙi da jahilci cikin wani ƙauye na ƙasar Malbaza, ɗaya daga cikin ɗalibaina ya zo da wani ɗan littafi a aljihu. Magidanci ne, manomin albasa, ya girme ni da shekara goma. Ya sai da albasarshi ya sayi sabon babur, anka haɗa mashi da littafin. Ya ajiye shi gabana ya ce: "Malam, yanzu dai ina haɗa baƙi. Amma wanga littafi ya gagare ni. Mi ya ce?"

Na buɗe. Rabi Ingilishi ne, rabi rubutun ƙasar Sin. Babu Hausa ko kalma guda. Amma akwai zane, akwai lambobi. Na ce mashi: "Yaya, lamba ba ta da yare. Mu fara da ita."

Daga ranan na shiga bin labarin babur. Na zauna da tsofaffin makanikai a Ƙonni, na tambayi dattawa, na karanta abin da na samu. Ga abin da na taro maku.

Kafin babur

Kakanninmu da ƙafa suke tafiya, ko bisa jaki, ko raƙumi. Doki na sarakuna ne da masu hali. Kuma duk mai doki ya san ba a ɗaure doki a manta da shi. Da safe a share barga, a ba shi harawa da hatsi, a jiƙa mashi kanwa. A duba kofato. A duba bayanshi ko sirdi ya ci shi. Ba wanda ya koyi wannan a littafi. Yaro ya tashi ya ga ubanshi na yi, shi ma ya yi.

Shi babur can Turai anka haife shi. A shekarar 1885 wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, sunka ɗora ɗan inji bisa wani keke na katako. A 1894 anka fara ƙera babura da yawa don sayarwa, nan dai Jamus. Amma ƙasarmu ba ta san shi ba tukuna. A 1899, lokacin da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe jama'a masu yawa, da ƙafa da dawaki sunka zo, ƴan dako na ɗauke da kayansu.

Keke ya riga babur zuwa, har anka yi mashi suna dokin ƙarfe. Keke ne ya koya ma mutanenmu faci, da ɗaure sarƙa, da gyaran birki. Wani tsohon makaniki da na fi zama wurinshi a Ƙonni ya ce mani shi ma da gyaran keke ya fara, yana yaro, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro. Ranar da anka fara kawo mashi abin da ke da inji, sai da ya kwana uku yana kallonshi kafin ya sa hannu.

Zamanin mobilet

Bayan samun mulkin kai a 1960, ma'aikata sunka fara yawa: malaman makaranta, malaman gona, malaman asibiti, da ma'aikatan gidan siminti na Malbaza, wanda anka gina cikin shekarun 1960. Mai albashi na son abin hawa, mota kuwa ta fi ƙarfinshi. Sai ga Mobylette, wadda muke ce ma mobilet. Kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙera ta a 1949. Rabinta keke ce, rabinta babur. Tana da feda. In ta ƙi tashi, ko fetur ya ƙare, sai ka tuƙa ta kamar keke, kana zufa.

Injin mobilet ba ya da wurin baƙin mai dabam. Cikin tanki ake zuba man tare da fetur, a girgiza. Shi ne melanji. Awonshi kamar kashi 4 cikin 100 ne, wato wajen rabin ɗan kofin shayi a lita guda ta fetur. Nan ne aikin yake. In ka rage mai don rowa, fistan ya yi zafi ya manne, inji ya tsaya cik a tsakiyar hanya. In ka cika mai don tsoro, hayaƙi ya turnuƙe, buji ya yi baƙi, ta ƙi tashi.

Saboda haka duk mai mobilet ɗan makaniki ne, ko ya so ko bai so ba. Ba ya fita gida sai da makullin buji da ɗan tsumma. In ta mutu a hanya, sai ya sauka ya kwance buji, ya kankare, ya hura, ya mayar. Bayan ƴan watanni kunkunniya ta toshe salansa, ƙarfi ya ragu. Sai a kwance salansar a sa ta cikin wuta har dauɗar ta ƙone, a bubbuga ta zube. Cikin inji kuma akwai wasu ƴan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, su ke ba buji wuta. Su ma sai an riƙa goge su ana daidaita tsakaninsu.

Na ce ma tsohon: "Baba, ashe kun sha wahala." Ya yi dariya ya ce: "Ɗana, wahala ce mai koyarwa. Mobilet ba ta ɓoye ciwonta. In ka ƙi ta yau, gobe za ta ƙi ka."

Kamfanin Motobécane ya karye a 1981, daga baya Yamaha na Japan ya saye shi. Amma tun kafin nan wasu baƙi sun riga sun shigo mamu ta kudu.

Baƙi daga kudu

Ku tuna Illela biyu gare mu. Akwai Illelar Adar, tamu ta Nijar, akwai Illelar Amarawa ta ƙasar Sakkwato, wadda ke ƴar tafiya kaɗan daga Ƙonni. Ta wagga ta biyu ce baburan Japan sunka fi shigowa. Cikin shekarun 1970 Najeriya ta yi kuɗin man fetur. A 1975 anka biya ma'aikatanta ƙarin albashin nan da ake kira Udoji, kasuwanni sunka cika da Honda da Yamaha da Suzuki, da Vespa ta Italiya. Mu ma a lokacin kuɗin yuraniyom sun shigo. Anka yi gulbin noman rani na Ƙonni da madatsun ruwanshi a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980. Albasar Galmi ta yi suna. Ɗan kasuwa da babban manomi sunka fara ɗaga ido suna kallon babur.

Shi ya sa har yau makanikin Ƙonni baki biyu gare shi. Abin da wani ya ce ma buji, wani fulogi zai ce. Wannan ya ce kile, wancan ya ce sifana. Esansi da fetur, moto da mashin, bidanji da juye, duk abu guda ne. Ɗaya ta hanyar Yamai ya zo, ɗaya ta hanyar Sakkwato.

A nan akwai wani labari da ya kamata kowane mai babur ya sani, don ya shafi injin da ke ƙofar gidanshi yau.

A farkon shekarun 1970 baburan Honda ba su samun kasuwa yadda kamfanin ke so a ƙasashe masu tasowa. Suna lalacewa da wuri. A 1974 kamfanin ya tura ma'aikatanshi biyu su je su gani da idonsu. Sunka yi wata guda suna yawo a Tailan, da Maleshiya, da Indunusiya, da Filifin, da Iran, da Pakistan. Mi sunka tarar? Sunka ga babur guda ɗauke da miji da mata da ɗiya da kaya. Sunka ga baƙin mai ya daɗe cikin inji har ya yi kauri kamar kwalta. Sunka ga matacin iska na takarda ya toshe da ƙura ya zama kamar bangon laka. Sunka ga sarƙa ta saki har tana dukan murfinta. Ba mai kai babur wurin gyara sai ranar da ya tsaya.

Kun ji? Kamar a tashar Tsernawa sunka tsaya sunka duba.

Da sunka koma gida ba su tsaya zagin jama'a ba. Sai sunka sake injin. Bari in kwatanta maku. Cikin injin da ke shan fetur zalla akwai ƴan ƙofofi biyu, makanikai na ce masu bawul. Ɗaya na buɗewa fetur da iska su shiga, ɗaya na buɗewa hayaƙi ya fita. Akwai wani ƙarfe mai ƙusumbi da ke juyawa yana tura su. A injunan Honda na wancan lokaci, ƙarfen nan can sama yake bisa kan inji, nesa da inda baƙin mai ke kwance. In mai ya yi kauri da dauɗa, ba ya hawa sama da sauri, sai ƙarfen ya ci kanshi. A sabon injin sai sunka sauko da shi ƙasa, kusa da mai, sunka sa sanduna biyu suna tura bawul daga ƙasa. Matacin iska kuma sunka yi shi da soso, wanda za a wanke a mayar. Sunka tsawaita sirdi. Babur ɗin ya fito a 1975, sunanshi CG125.

Ni dai na jinjina masu. Amma abin na da wani gefe. Jaki mai haƙuri shi ake ƙara ma kaya. Da mutane sunka ga injin na jure wulaƙanci, sai sunka ɗauka ba ya bukatar komi.

El Buhari da kabu-kabu

A watan Afirilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake kuɗin Najeriya, ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ba a buɗe ba sai a watan Maris na 1986, zamanin Janar Babangida. A shekarar 1984 ɗin kuma damina ta ƙi. Yunwa ta haɗu da rufin iyaka, har mutanenmu sunka sa ma wannan yunwa suna El Buhari.

Mota ba ta iya wucewa ta shingen kwastan. Amma dangi na nan, dangi na can, kasuwa kuma ba ta jira. Babur kuwa na bin hanyar gona, yana bin turbar jakai. Dattawan Ƙonni na cewa a wannan lokaci ne sana'ar kabu-kabu ta kafu a garin. Da anka buɗe iyaka ba ta mutu ba, sai ma ta ƙaru, ta shiga cikin gari da ƙauyuka.

Daga nan babur ya sake hali. Da can abin ado ne. Ma'aikaci ya hau ya tafi ofis, da marece ya goge shi ya shigar da shi zaure. Yanzu ya zama kamar gona, da shi ake ci da gida. Daga safe har dare yana cikin rairayi da burji, da buhu biyu a baya. Kuma abin da ya fi shan wuya cikin wanga aiki ita ce sarƙa.

Bari in daɗe kaɗan a kan sarƙa, don ina da dalili.

Sarƙa na sakewa a hankali, don rairayi na cin gaɓoɓinta. Awonta ba wuya. Ka ɗora babur bisa ƙafarshi ta tsakiya. Ka sa yatsa a tsakiyar sarƙa, tsakanin farantin haƙora na gaba da na baya, ka tura sama ka ja ƙasa. Ya kamata ta motsa kamar santimita 2 zuwa 3, wajen faɗin yatsu biyu. Ka juya taya ka gwada wuri uku ko huɗu, don tsohuwar sarƙa wani wuri ya fi wani tsauri. Da wuri mafi tsauri ake awo. In ta saki, sai a sassauta babban noti na tayar baya, a juya ƙananan notuna biyu na dama da hagu daidai wa daida. Akwai ƴan zane-zane a ƙarfen, gefe da gefe. In na dama na kan zane na uku, na hagu ma ya tsaya kan na uku, in ba haka ba taya ta karkace. Sannan a ɗaure babban noti tamau. A sake duba birkin baya, don taya ta ja da baya, birki ya sake.

Wasu na ja ma sarƙa har ta yi tsauri kamar tsirkiyar baka, su ce sun gyara. Sun ɓata. In anka hau da kaya, babur ya zauna, sarƙa na ƙara tsauri da kanta. Mai tsauri ta fi mai sako-sako saurin tsinkewa, tana kuma cin ƙarafan cikin inji. Wasu samari kuma na cire murfin sarƙa su yar, wai ya fi kyau. Murfin nan shi ne rigarta daga rairayi. In za a sa mata mai, a fara wanke ta da kananzir, a sa man kaɗan, a goge sauran. In haƙoran faranti sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙayar farar ƙaya, to a sake sarƙa da faranti biyu gaba ɗaya. Sabuwar sarƙa bisa tsofaffin haƙora ba ta daɗewa.

Ga dalilina. Shekara uku ke nan, cikin watan Agusta, ina koyarwa a wani ƙauye nesa da kwalta. Mako biyu ina jin sarƙar babur ɗina na dukan murfi, ƙwas, ƙwas. Kullum in ce sai ranar kasuwa. Wani dare maƙwabcina ya buga mani ƙofa ya ce: "Malam, ka taimaka, yarinya ce." Ɗiyarshi ƴar shekara uku zazzaɓin cizon sauro ya kama ta, har tana sanƙarewa. Na ɗauki uwar da yarinyar, uban ya biyo mu da ƙafa. An yi ruwa da marece. Mun yi kamar rabin hanya, muna fita daga wani ƙorama na ba shi wuta, sai na ji ƙarar ƙarfe. Sarƙa ta zame, ta cushe, ta tsinke. Ba ni da mahaɗi, ba ni da filaya, ba ni da komi sai hasken waya.

Sai da munka tashi wani bawan Allah daga barci ya ɗaura ma shanunshi amalanke. Tafiyar da babur zai yi cikin rabin awa, ba mu isa likita ba sai bayan asuba. Sunka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Anka ƙara mata jini. Allah ya sa da sauran kwananta, yanzu har ta shiga makaranta. Uban bai taɓa ce mani komi ba. Har yau in mun haɗu godiya yake yi mani, ni kuwa godiyar nan ta fi zagi yi mani zafi. Aikin da na ƙi yi bai kai na shan shayi guda ba.

Babur ya shiga ƙauye

A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa. Abin da ake saye daga waje ya ninka kuɗi. Sabon babur na Japan ya fi ƙarfin talaka, kayan gyara ma haka. Shekarun nan makanikai sunka nuna gwaninta. Tsohon nan ya ce mani a lokacin ba a yar da komi. Babur uku matattu ake haɗawa a tada guda.

Wajen shekarar 2000 sai baburan ƙasar Sin sunka fara cika kasuwa: Jincheng, da Kasea, da Haojue, da sauransu. Daga baya na Indiya sunka biyo, irin su Bajaj Boxer da TVS. Suna da araha. A karo na farko manomi ya iya sai da albasa, ko sa guda da ƴan awaki, ya shiga da babur gida. Yau ku je kasuwar Ƙonni ran Laraba, ko Badagishiri ran Alhamis, ku ga inda ake ajiye babura. Ya fi turken jakai cika.

Da yawa daga baburan Sin masu lamba 125, injin CG ɗin nan na 1975 anka kwaikwaya. Jikan wancan ne ke ƙofar gidanku. Ƴan ƙarafan wuta masu wahalar da mai mobilet sun tafi, wani ɗan akwati na lantarki ya maye su, ba a daidaita shi. Melanji ma ya tafi. Amma wani aiki ya zo madadinshi, kuma shi ne mutanenmu sunka fi sakaci da shi: juyen baƙin mai.

A cikin kwali baburan nan ke zuwa, nan ake haɗa su, sau da yawa yara masu koyo ke haɗawa cikin gaggawa. Don haka wanda ya sayi sabo ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya ya ɗaure, tun ba na taya da na birki ba. Kada ya ba shi wuta da yawa kwanakin farko. Kuma ya juye man farko da wuri, wajen kilomita 500, don sabon inji na zubar da garin ƙarfe cikin mai.

Injin irin wanga wajen lita guda ta mai yake ɗauka. Lita guda tak ke sanyaya shi, tana wanke shi, tana hana ƙarfe cin ƙarfe, cikin zafin watan Afirilu. Littattafan babura na ba da kilomita dubu biyu ko uku tsakanin juye da juye. Amma ba don ƙurar Adar anka rubuta su ba. Makanikan da na yarda da su sun ce mai bin burji da kaya kada ya wuce kilomita 1000. A juye shi inji na da ɗumi, don dauɗa ta biyo shi. Kowace safiya a zaro ma'aunin mai, a goge, a mayar ba tare da an murɗa ba, a sake zarowa a duba, babur na tsaye daidai. A sayi mai cikin galan da ba a fasa bakinshi ba. Akwai masu tace tsohon mai su sayar a matsayin sabo. Tsohon man kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin garka.

Matacin iska shi ne hancin babur. Da hunturu, in buji ya tashi, ina nufin bujin ƙura ba na inji ba, a duba shi kowane mako. In na soso ne, a wanke da kananzir, a matse ba tare da an murɗe ba, ya bushe, a ɗiga mashi mai kaɗan a mayar. In na takarda ne ba a wanke shi, sai a kakkaɓe, in ya toshe a sake. Na sha ganin wanda ya cire matacin ya yar don babur ya ƙara gudu. Ƙurar da ya bari ta shiga, ita ke goge fistan kamar dutsen niƙa. Bayan wata shida sai hayaƙi, sai shan mai, sai sauke inji.

Shi kuwa buji, in ka kwance shi zai gaya maka lafiyar inji. In bakinshi ya yi kalar ɓawon gyaɗa, lafiya lau. In ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya yi yawa ko mataci ya toshe. In ya yi fari fat, inji na zafi fiye da kima. Tsakanin bakinshi, a yawancin baburan nan, milimita 0,6 zuwa 0,7 ne.

Bawul aikin makaniki ne, amma mai babur ya san abu guda. Ana barin ɗan tsakani, siriri ƙwarai. A injin CG125 milimita 0,08 ne, kuma sai inji ya huce ake awo, da wasu ƴan ƙarafa sirara da anka yi don haka. Wasu yaran gareji na ɗaure bawul har ƙarar ta ɓace, don mai babur ya ji daɗi. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan ba ciwo ba ne. Wanda anka ɗaure ya yi shiru ƙus ba ya rufewa daidai in inji ya yi zafi. Sai ƙarfi ya ragu, tashi ya yi wuya, bawul ya ƙone. Ka tambayi makaniki ya nuna maka ma'auninshi.

Saura fetur. Shekaru da yawa yankinmu da man kwalba ya rayu, wanda ƴan ruwa-ruwa ke kawowa daga Najeriya, don gwamnatin can na tallafa ma farashinshi. A 2011 anka buɗe matatar SORAZ a Damagaram, amma a bakin iyaka kwalba ba ta ɓace ba. An sake rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A watan Mayu na 2023 Shugaba Tinubu ya cire tallafin, man kwalba ya yi tsada. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 iyaka ta sake rufuwa, sai a Maris 2024 anka buɗe. Duk lokacin da mai ya yi wuya, masu gauraya shi da kananzir na ƙaruwa. Ko mai kyau ne ma, jarka da kwalba na tara ƙura da ruwa. A tace shi da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki. A ƙasan kafireto akwai wani ɗan sukuru, in an sassauta shi ruwa da dauɗar da sunka kwanta za su zube.

Birki da taya ba sai na yi dogon bayani ba. Kafin ka fita ka matsa na hannu, ka taka na ƙafa. In feda ta nutse fiye da faɗin yatsu biyu kafin ta kama, a juya notin da ke bakin sandar birki. In noti ya ƙure, takalmin birki ya cinye, a sake. A auna iskar taya wurin mai faci, ba da dukan ƙafa ba.

Mu koma aji

Ni da ɗalibina mun yi mako uku bisa littafin nan. Sauran ƴan aji sunka shigo ciki, don bakwai daga cikinsu na da babur. Munka zana sarƙa bisa allo, munka rubuta 2 da 3. Munka koyi karanta agogon kilomita, munka koyi waƙafin da ke cikin 0,7. Mata biyu da ke ajin marece sunka ce su ma a koya masu, don kuɗin awakinsu na cikin baburan mazansu.

Yanzu kowa na da shafi guda a bayan littafinshi na rubutu. Ranar juye, sai ya rubuta kwanan wata da lambar da agogo ya nuna, ya ƙara 1000, ya rubuta a gefe. Wani ɗan kabu-kabu cikinmu ya ce shi wayar agogonshi ta tsinke tun bara. Munka zauna munka yi lissafi. Tsakanin ƙauye da bakin kwalta, zuwa da dawowa, yana yin wajen kilomita 35 a yini. Munka ninka da kwana 28, ya ba mu 980. Shi nashi shafin ba lambar agogo a ciki, sai Laraba. Yana ja mata layi ɗaya, biyu, uku, ta huɗu ya biya gareji kafin ya shiga kasuwa.